Wani ƙaton faɗa-wuta ya kwana a gidanmu, ko shi ne mai kan macijin nan?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da damina. Don Allah masu ilimin ƙwari ku zo ku raba mana gardama, tun daren jiya ake musu gidanmu har yanzu ba a gama ba.

Bayan ruwan nan da aka yi da magariba, wajen ƙarfe tara sai na ji yara sun fasa ihu a tsakar gida, ni wlh na ɗauka maciji ne ko kunama na fito ko takalmi babu, ashe wani abu ne yake rarrafe jikin bango kusa da magaryar da ke bayan ɗakin Inna. Da farko fukafukansa a yamutse suke kamar tsumman da aka matse, jikin kuma ƙato mai gashi-gashi kamar babban yatsa, muna tsaye muna kallo a hankali a hankali fukafukan suka riƙa miƙewa, kafin awa ɗaya ya zama wani irin malam-buɗe-littafi da tunda nake ban taɓa ganin mai girmansa ba. Na ɗauko rular ƙanena na gwada, daga wannan baki zuwa wancan santimita 12 da ɗan ɗori. Launinsa ƙasa-ƙasa da ɗan ja, da fari, kuma kowane fiffike akwai wani wuri kamar taga, in ka haska tocila ta baya kana ganin hasken kamar leda.

Inna ta ce kar wanda ya taɓa shi, wai irin waɗannan baƙi ne, a bar shi ya tafi da kansa. Ƙanena kuma ya buɗo wani bidiyo a TikTok na wani da ake kira Atlas, wai bakin fiffikensa kamar kan maciji, ya rantse shi ne wannan. Ni dai na kifa mishi kwando don kar kaji su cinye shi da safe, na sa mishi ruwan suga a murfin kwalba da ɓallin kankana, amma har yanzu ko kallonsu bai yi ba.

Tambayata, shin Atlas ɗin ne, in shi ne mi ya kawo shi Katsina? Yana cizo ko yana da dafi? Sannan mi ake ba shi ya ci, don tausayi yake ba ni, kwana guda cur ba ci ba sha. Ga hoton nan na sa duk da kyamarar wayata sai a hankali.

Uwar Biyu:

Wa alaikumus salam. Tabɗi! Ni da a gidana ne ai da tuni na kwashi 'ya'yana mun koma Rafin Daɗi gidan su Mama sai an yi sati. Kai har da kankana, Allah sarki baƙo ya samu masauki. Amma fa zancen gaskiya kar ka bari yara su dama shi da hannu, wannan garin da ke jikin fiffikensu mu tun muna yara ake ce mana in ya shiga ido yana makantarwa, ban dai taɓa ganin wanda ya makance ba amma ni har gobe tsoro nake ji. Bari masu boko su zo mu ji.

Malamin Bayoloji (Batagarawa):

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na duba hoton, na zuƙo shi sosai. Ka gaya wa ƙanenka kama da wane ba ta wane, wannan ba Atlas ba ne, amma fa bai yi nisa da gaskiya ba don 'yan ɗaki ɗaya ne. Naku na ƙasarmu ne, alamunsa duk na wanda masana ke kira Epiphora bauhiniae ne, kuma da ka ambaci magarya sai na ƙara samun natsuwa domin ganyen magarya shi ne abincin tsutsarsa. Abu mafi sauƙi da za ka bambanta su, kalli tagogin nan da ka ce kamar leda: na Atlas masu kusurwa uku ne kamar laya, na wannan kuwa a zagaye suke. Sai girma. Kai ka gwada ka samu 12, Atlas yana kai santimita 24, wato ninki biyu, in ka ɗora shi a fuskar babban mutum sai ya rufe ta.

Kuma ba daga ko'ina ya zo ba, a gidanku aka haife shi. Tunda kun gan shi da fukafukai a yamutse to a lokacin ne ya fito daga kwansonsa, yana tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fiffiken su miƙe sannan su bushe. Gobe da safe ka duba rassan magaryar nan da kyau, za ka ga wani abu kamar ƙaramar jaka mai launin toka tana reto, da rami a samanta. Wataƙila tun damunar bara tana nan kuna wucewa ba ku lura ba, ya kwashe hunturu da bazara duk yana ciki yana jiran ruwa.

Yanzu batun abinci, nan ne abin mamakin yake. Ɗauke kankanarka ka ba yara. Ba zai ci ba, ba wai rashin lafiya ko baƙunta ba, bakin ne babu. Duk danginsu, ana ce musu Saturniidae, kusan iri 2,300 ne a duniya, in sun zama masu fiffike bakinsu ba ya aiki, ba su da wannan dogon bututun da malam-buɗe-littafi ke naɗewa yana zuƙar ruwan fure da shi. Duk cin da zai yi a rayuwarsa ya riga ya yi shi tun yana tsutsa, kitsen da ya tara a lokacin shi ne guzurinsa, kamar mota ce aka cika wa tanki sau ɗaya aka toshe bakin tankin, in man ya ƙare shi ke nan. Shi Atlas sati ɗaya zuwa biyu yake yi a haka ya mutu. Shi ya sa za ka ga da rana ba sa motsi ko kaɗan, tattalin mai suke yi, tashi sai da dare kuma sai da dalili. Dalilin kuwa ɗaya ne tak, namiji ya nemo mace, mace ta yi ƙwai.

Ba ya cizo, mi zai ciza da shi. Ba shi da ƙari kamar zuma ko rina. Garin da Hajiya Uwar Biyu ta ambata wasu 'yan ƙananan ɓawo ne da ke jere a fiffiken kamar yadda ake jera kwanon rufi, su ne ke ba shi launi, tagogin nan ma wuraren da babu ɓawon ne shi ya sa haske ke ratsawa. In ya shiga ido zai yi ƙaiƙayi kamar kowace ƙura, a wanke da ruwa, amma ba ya makantarwa. Shi ne ma ke cutuwa in an dama shi.

To Atlas ɗin da kuka gani a bidiyo, gidansa kudanci da kudu maso gabashin Asiya ne, Indiya, kudancin Sin, Maleshiya, Indunusiya, cikin dazuzzukan da ruwa ba ya yankewa da kuma gonakin itatuwa da ke gefensu. Tun 1758 Linnaeus, mutumin Suwidin ɗin nan da ya tsara yadda ake raɗa wa halittu suna, ya sa mishi Phalaena atlas, daga baya aka koma kiransa Attacus atlas. Macen ta fi namijin girma da nauyi. Tana manna ƙwanta a bayan ganye, kowanne bai wuce milimita biyu da rabi ba, bayan kamar sati biyu su ƙyanƙyashe. Tsutsar kore ce mai haske da wasu tsinkaye masu laushi a baya, jikinta kamar an barbaɗa mata garin alli, kuma ci take ba dare ba rana, ganyen lemo, gwaiba, kirfa, tana saɓa tana ƙara girma har ta kai santimita 11 da rabi, kaurinta kamar babban yatsan ƙato. Daga nan ta naɗe kanta da zare a jikin ganye, ta ɗaure ganyen da reshe don kar ya faɗi, wajen sati huɗu sai ga wannan ƙaton ya fito.

In ka lura da wannan lissafin za ka gane dalilin da ya sa manya-manyan nan suka fi yawa a dajin ruwa. Wanda zai rayu da guzuri kaɗai dole tsutsarsa ta samu ɗanyen ganye mai yawa a lokacin da take buƙata. Mu nan ruwan shekara wajen milimita 600 ne, cikin wata huɗu ya zo ya wuce, can kuwa a wurare irin su Maleshiya ya haura 2,000 kuma ganye ba ya ƙarewa. Namu na nan sai ya koyi haƙuri irin na manomin Katsina, ya yi abin da zai yi da damina, sauran watannin ya shige ɗaki ya rufe ƙofa.

Batun kan maciji kuwa gaskiya ne, bakin fiffiken sama ya lanƙwasa da ɗigo kamar ido da layi kamar baki. Mutanen kudancin Sin ma sunan da suke kiransa da shi a yarensu ma'anarsa ke nan, mai kan maciji. In tsuntsu ko ƙadangare ya matsa mishi sai ya faɗo ƙasa yana motsa fukafukan a hankali, mai son ci ya yi tunani sau biyu. Duba naku ma, akwai ɗan baƙin ɗigo kamar ido a bakin fiffiken sama, sai dai bai kai na Atlas fitowa ba.

Tambaya ɗaya, waɗannan ƙahonnin biyu na kansa, masu faɗi ne sosai kamar gashin tsuntsu ko ƴan sirara? A hoton ban gani da kyau ba.

Abban Maleshiya:

Slm. Malam ya gama magana wlh, ni dai shaida zan bayar don gani ya kori ji. Shekara uku na yi karatu a Maleshiya kuma sau biyu na ga Atlas da idona, ba a gidan kallo ba. Na farko a matattakalar hostal ɗinmu ne da asuba zan tafi masallaci, na ga abu manne a bango na ɗauka wani ne ya rataye mafici ko irin abin adon nan na takarda, na kai hannu ke nan abin ya motsa, ai ban san sanda na tsallake matakala huɗu ba. Wani ɗan Indunusiya da muke ɗaki ɗaya ya yi ta min dariya, ya ce su a wurinsu kupu-kupu gajah suke ce mishi, wato malam-buɗe-littafin giwa, kuma manoman garinsu ba sa ƙaunar tsutsar don in suka taru a bishiya sai su yi mata aski tas.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne jikinsa ƙarami ne in ka gwada da fukafukan, kamar an ɗaura wa ɗan tsako tabarma, shi ya sa tashinsa ba kyau, wani lilo-lilo yake yi kamar jemagen da ya sha wuya.

Kuma don Allah ku gane mi ake nufi da dajin nan, don mu 'yan arewa in an ce daji abin da ke zuwa mana shi ne ƙaya da geza da sabara, kana hango mutum daga nesa. Can ba haka ba ne. Mun je Taman Negara, wani babban gandun dajin Maleshiya, da 'yan ajinmu, da rana tsaka amma ƙasan dajin kamar bayan la'asar sakaliya saboda itatuwan sun haɗe a sama, ko'ina jiƙe, gumi ba ya bushewa a jikinka, wanki kwana biyu a igiya yana nan da danshi, ga matsattsaku suna hawa ƙafa tun daga kan ganye ba sai ka shiga ruwa ba. Babu wani abu wai shi rani. Ruwa kusan kullum da yamma kamar an sa mishi agogo. In ka ga wurin ba za ka yi mamakin ƙwaro ya yi wannan girman ba. Abin da ya ba ni tausayi kawai, a hanya sai ka yi tafiyar awa guda a mota ba ka ganin komai sai gonar kwakwar manja a jere, dama da hagu, duk wurin da da daji ne.

Wani gyara kaɗan ga masu cewa Atlas ne mafi girma a duniya, abin ya danganta da mi ka auna. Akwai Hercules na arewacin Ostireliya da Niyu Gini, yana kai santimita 27 kuma in faɗin fiffike gaba ɗaya ake magana ya fi Atlas. Akwai kuma wani fari-fari a dazuzzukan Kudancin Amurka, Thysania agrippina, shi kuma a tsawo daga baki zuwa baki ba a kama ƙafarsa, yana dosar 30. Amma a kyau kam ni a wurina Atlas ne sarki.

Su kuma masu cewa ba zai yiwu a gan shi a wata ƙasa ba, a 2022 an tsinci ɗaya manne a bangon garejin wani gida a jihar Washington ta Amurka har hukumar gona ta shiga maganar. Mutane ne ke sayen kwanson suna kiwo don sha'awa, wani lokaci ya kuɓuce. To amma Ƙofar Ƙaura dai ban ga mai wannan sha'awar ba hhh.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Ikon Allah sai kallo. Malam wlh na je na duba, ga jakar nan tana reto a reshen da ya leƙa bayan ɗakin Inna, da raminta a sama kamar yadda ka faɗa, har na ga wasu guda biyu da ba su buɗe ba. Na ja zaren da farce ya ƙi tsinkewa, ƙarfi gare shi kamar me. Ƙahonnin kuma ba su da faɗi sosai, cikin ne dai ƙato har yana jan bango. Yanzu ya zan yi da shi, in sake shi ko in bar shi a kwandon? Kankana kam yara sun gama da ita tun ɗazu.

Baba Na Daura:

Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya karanta min wannan hira taku, na ce ya rubuta min abin da zan faɗa don idona ba ya ganin ƙananan rubutun waya.

Ɗana da ka ce ka ja zaren ya ƙi tsinkewa sai ka tuna min da mahaifina, Allah ya jiƙansa, maɗinkin manyan riguna ne a nan Daura. Ku yaran yanzu in an ce tsamiya ba ku san komai ba sai ta kunu. To akwai tsamiya ta zare. Alharini ne na daji, ba na kanti ba, wasu tsutsotsi ne ke yin sa, sai dai su ba ɗai-ɗai suke gidansu ba kamar wannan naka, taruwa suke da yawa su saƙa gida guda babba su shige ciki gaba ɗaya, wani ya kai girman ƙoƙo. Fatake ke kawo shi daga dazuzzukan kudu da mu. In an kawo sai mata su dafa shi da ruwan toka ya daɗe a wuta har danƙon ya saki, a wanke a shanya, sannan a kaɗa shi da mazari kamar auduga. Launinsa ba fari tas ba, kamar ƙasa-ƙasa mai haske, kuma ba ya ƙyalli irin na zaren yanzu mai kashe ido. Da shi ake ɗinkin aska biyu da aska takwas a rigunan sarakai da attajirai. Riga ɗaya sai ta ci wata da watanni a hannun mahaifina, yana zaune a zaure da allura, mu muna riƙe mishi bakin ƙyalle. Rigar za ta tsufa ƙyallen ya mutu amma ɗinkin yana nan.

Na ji ana cewa Yarbawa ma suna da shi, sanyan suke ce mishi, suna saƙa tufafin biki da shi.

Ita kuma Innarku kar ku yi mata dariya. Mu ma haka aka tashe mu, ba a kashe abin da ya shigo gida bai cuce ka ba. Da ba ta hana ba da yanzu yara sun tsinke mishi fiffike sun ɗaure shi da zare suna wasa, da ba ku samu abin da za ku gwada da rula ba.

Malamin makaranta ina da tambaya, shi wancan na ƙasashen Asiya ana yin zare da nasa? Allah ya yi muku albarka.

Malamin Bayoloji (Batagarawa):

Amin Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya, yau mu ne ɗalibai. Tsutsar da kuke magana a littafi Anaphe ake ce mata, dangi ne daban da na su Atlas, kuma wlh yadda kuka kwatanta taruwarsu su yi gida ɗaya haka yake, ni a takarda na karanta ku kun riƙe da hannu. Eh ana yin zare da na Atlas, a Indiya fagara suke kiransa, ruwan ƙasa ne kuma ya fi kama da ulu. Sai dai bai zama babbar sana'a ba saboda zarensa guntu-guntu yake fitowa, ba kamar na tsutsar alharinin da ake kiwo a Sin ba wadda za a kama bakin zare ɗaya a yi ta warwara ɗaruruwan mitoci bai yanke ba. Shi ya sa na daji duk kaɗa su ake, kamar dai yadda kuka ce mata na yi da mazari.

Ɗan Ƙofar Ƙaura, yadda ka kwatanta mace ce. Kuma tunda a gabanku ta fito ka kife ta, to ba ta haɗu da namiji ba tukuna. Ga abin da za ka yi in kana son ganin abin mamaki: yau da dare ka kai kwandon gindin magaryar, ka ɗan ɗaga shi sama inda iska ke ratsawa kuma mage ba za ta kai ba, ku kashe fitilar tsakar gida. Macen ba ta yawo, zama take wuri ɗaya ta saki wani ƙamshi daga ƙarshen cikinta wanda hancinmu ba ya ji, iska ta ɗauka. Namijin kuma waɗannan ƙahonnin nasa masu faɗi kamar gashin tsuntsu su ne hancinsa, yana iya jiyo ta daga nisan kilomitoci ya biyo iskar har inda take. In akwai namiji a unguwarku zai zo. Ban yi alkawari ba fa, don in ita ta riga sauran fitowa sai ta yi ta jira.

Dalilin kashe fitilar, sunan faɗa-wuta ba a banza Bahaushe ya sa shi ba. Ba son wutar suke ba, ruɗewa suke. A duhun daji sama ita ce ta fi haske, to ƙwaro ya saba juya bayansa ga haske don ya san ina ne sama ina ne ƙasa. In ka kunna mishi ƙwan lantarki sai ya riƙa juya mishi baya yana zagaye shi ba iyaka. Ga wanda ba ya cin abinci kuwa kowane zagaye daga kwanakinsa ake cirewa, ga jemagu da tsaka suna jira a gefe.

Da na ambaci jemage na tuna wani ɗan'uwansu a dajin Madagaska, Argema mittrei, rawaya ne shar, faɗinsa santimita 20 kuma namijin yana da wasu dogayen wutsiyoyi biyu a fiffiken baya har santimita 15. Jemage da sauti yake farauta, yana ƙara yana sauraron amsa-kuwwa, to wutsiyoyin nan suna kaɗawa a baya sai jemagen ya kai wa wutsiya cafka ya bar jikin. Shi kwana huɗu zuwa biyar kawai yake yi. Kwansonsa ma duk huda-huda ne kamar rariya don ruwan sama ya riƙa zurarewa kar ya nutse a ciki, kun ga bambanci da namu da yake rufe ruf saboda zafi da iskar hunturu. Har a takardar kuɗinsu ta ariyari 1,000 sun taɓa sa hotonsa.

Sauran biyun da ba su buɗe ba kar ka cire su, kar kuma a yi feshin maganin sauro kusa da bishiyar.

Uwar Biyu:

Oh ni 'yasu, wato ita tana zaune a ɗaki shi ke shan wahalar nemanta, kuma ba cefane ba girki tunda ba mai ci a cikinsu. Wannan aure da sauƙi yake. Malam na yarda ba ya makantarwa amma ni dai daga nesa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Jama'a sun zo fa!! Na rataye kwandon a reshe na rufe bakinsa da tsohon gidan sauro, muka kashe sola, ni da ƙanena muka shimfiɗa tabarma muna gadi sauro na cin mu. Har sha biyu shiru, shi ya yi barci ni ma na fara gyangyaɗi. Can wajen ƙarfe uku na ji fat-fat-fat a saman kaina na haska, guda biyu ne suna ta bugun gidan sauron, sun fi ta ƙanƙanta kaɗan kuma ƙahonninsu kamar an soka musu gashin zabo, daidai yadda Malam ya faɗa. Na ɗaga gidan sauron na koma gefe. Da asuba na tarar da ɗaya manne da ita, ɗayan ban san inda ya yi ba, ina zargin magen maƙwabta don na ga guntun fiffike a bakin rariya.

Inna ta fito alwala ta tsaya ta daɗe tana kallonsu, ta ce ai ta gaya mana baƙi ne, ga shi har sun kira 'yan'uwansu. Yanzu ta kafa doka ba mai kakkaɓar magaryar nan bana, yara sai kumbure-kumbure suke.

Baba na Daura a gaida jikan naku da ya rubuta mana, in Allah ya kai ni Daura da sallah zan so in ga irin ɗinkin nan in akwai sauran riga a gida. Malam in ta yi ƙwan zan ɗauko hoto, kwana nawa zan fara duba bayan ganyen?